Likita Hawa Ya Hana, Bai Hana Sauka Ba

A layinmu babu mai ɗora bulo a kan bulo bai ji ta bakin Dawo-Gobe ba, ko ya tambaye shi ko bai tambaya ba. Shekara ashirin da bakwai ya yi a ofishin ba da izinin gini, kuma tun da ya yi ritaya bai bar kowa ya manta da haka ba. Kullum yana tafe da biro uku a aljihun gaba da wani tsohon fayil a hammata. In ya zauna a bencin tela, sai ya ɗaga kai ya dubi benayen gari, ya ja dogon numfashi ya ce, "Duk ta hannuna suka bi."

Kuma bai yi ƙarya ba, ta hannunsa suka bi, domin shi ne mai tsaron ƙofa. Aikinsa uku ne: ya raba wa mutane lambar layi, ya kafa sanarwa a allo, in rana ta take kuma ya leƙo ya ce wa waɗanda suka rage a benci, "Ku dawo gobe." Daga nan sunan ya samo asali. Duk mun san da haka, sai dai mu ma ba kirki ne ya ishe mu ba. Mu ne masu zuga shi, mu ce, "Ranka ya daɗe, wai yaya dokar taga take?" don mu samu abin dariya kafin yamma ta yi.

Ana nan sai aka yi wa mahaifiyarsa aiki a gwiwa, likita ya ce ta yi sallama da matakala. Shi kuwa Dawo-Gobe a saman bene yake da iyalinsa, matakala goma sha shida, ƙasan kuma shagon tela ne da na mai wanki. Saboda haka daga asibiti aka zarce da Inna gidan ƙanensa Auta, wanda gidansa ke shimfiɗe a ƙasa, ko dandamali babu.

Abin ya ci masa rai ƙwarai. Shekara goma sha ɗaya Inna tana wurinsa, ya saba da tarinta na safe da faɗanta a kan yawan sukarin da yake zubawa a shayi. Da ta tafi sai gidan ya yi masa faɗi, ya riƙa leƙa ɗakinta yana fitowa. Kewarta yake yi, amma ba zai faɗa da bakinsa ba. Abin da ya faɗa, a gaban tela da mai wanki da Auta da ya zo kwasar kayanta, shi ne: "Uwata a gidan ƙanena, ina raye? Mako uku! Zan gina mata ɗaki a filin nan na gefen gida, a ƙasa, ta shiga da ƙafarta ta fita da ƙafarta."

Auta mutum ne mai sanyin magana. Ya ce, "To Yaya, a samo izini tukuna."

"Kai za ka koya mini izini? Ina raba lamba kana yawo ba wando!"

"Allah ya ba ka haƙuri. In ɗakin ya yi a mako ukun, ni da kaina zan kawo ta. In bai yi ba, sai ta yi zamanta a wurina, hankalin kowa ya kwanta."

"Ka shaida, tela."

Tela ya ce ya shaida, bai ko ɗago daga kan keken ɗinki ba.

Da ya hau sama matarsa ta tare shi. "Maigida, gobe da sassafe sai ka je ofishin naku ka karɓo fom."

"Ni? In bi layi?"

"To da wa zai bi maka?"

"Ke ba ki san doka ba. Duk ginin da tsayinsa bai kai mita biyu ba, babu ruwansa da izini. Ni na kafa sanarwar da hannuna, shekara da shekaru tana nan a allo."

Gaskiyar da bai gaya mata ba ita ce, tsoron bencin nan yake ji. A ce yau shi ne zai zauna a kansa, wani sabon mai tsaron ƙofa ya miƙa masa lamba? Ga wani abin da ya fi wannan: matar da ke riƙe da teburin izini yanzu, ya san ta tun tana budurwa, lokacin da take kawo takardun shagon mahaifinta. Sau tara ya ce mata ta dawo gobe. Ya ƙirga, kuma ya tabbata ita ma ta ƙirga.

Aka kira magini, wani dogo kamar falwaya. Ya saurari bayani, ya sosa ƙeya, ya ce, "Alhaji, mita biyu har da kwano fa ka ce? In aka cire rufi da silin, ai cikin ba zai wuce kafaɗata ba."

"Kai za ka kwana a ciki? Inna gajera ce."

"Masu zuwa gaishe ta fa?"

"Dama a durƙushe ake gaida uwa."

Magini ya ce to, ai shi aiki ya zo yi. Kwana shida bango ya tashi, aka buga kwano, aka sa ƙofa. Dawo-Gobe ya ɗauko tef ɗin awo ya tara mu, ya auna a gabanmu: mita biyu saura yatsa uku. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Wannan shi ake kira sanin aiki." Sannan ya juya da ƙasaita zai shiga ya nuna mana ciki. Ƙarar da goshinsa ya yi da saman ƙofa, har mai wanki sai da ya ajiye dutsen guga ya fito.

"Lafiya, ranka ya daɗe?"

"Gwada ƙarfin simintin nake yi."

"Ya yi ƙarfi?"

"Ya yi."

Ya kwana biyu da ƙulu a goshi kamar ƙwan kaza, yana tunani. A rana ta uku ya sauko da murmushi har kunne, ya kira magini gefe, amma da muryar da duk layi zai ji. "Doka sama take aunawa. Ka taɓa jin ta auna ƙasa? Tun da ba za mu ɗaga rufi ba, sai mu sauke daɓe. A haƙa!"

Aka shiga haƙa cikin ɗaki. Ƙasa ta riƙa fitowa shebur bayan shebur, filin ya cika, aka fara jibge ta a kan hanya. Kafin kwana biyu tulin ya cinye rabin titi. Mai motar kwasar shara ya zo ya yi ta danna oda ya koma da baya. Mai wanki ya shanya fararen riguna da safe, ya kwashe su jajaye da rana.

"Alhaji, dubi kayan mutane!"

"Ai yanzu launin da ake yayi ke nan."

Washegari muna zaune sai tela ya hango jami'in kula da hanya a bakin layi, yana tafe a kan babur a hankali, yana dube-dube. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ajiye ƙasa a titi ba ya buƙatar izini kuwa?"

Dawo-Gobe ya miƙe zumbur. "Ajiya ce ke buƙatar izini. Abin da ke kan taya ba a ajiye yake ba, wucewa yake yi. Ku kawo baro! Duk mai baro ya kawo!"

Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni, domin mun kawo. Baro biyar muka tara a layin. Kafin jami'in ya gama gaisawa da mutanen bakin hanya mun cika su taf, sauran tulin kuma Dawo-Gobe ya lulluɓe shi da zannuwan gadon da mai wanki ya shanya. Muka kama turawa: shi a gaba, magini, tela, mai wanki, da mu 'yan rakiya.

Jami'in ya kafe babur, ya zauna a bencin tela, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. "Sannunku da aiki. Ina za a kai ta?"

Dawo-Gobe ya ce, "Gaba."

Muka tura har ƙarshen layi. Babu inda za mu, sai muka juyo.

"A'a, na ga kun dawo."

"Mantuwa muka yi."

"To Allah ya tuna muku. Ni dai ba sauri nake ba."

Sau bakwai muka kai muka komo. Tela, wanda abu mafi nauyi da ya taɓa ɗauka shi ne almakashi, ya fara ganin hanya bibbiyu. A zagaye na takwas tayar baron magini ta fita ta yi nata wuri, baron ya kife a gaban jami'in daidai. Ya dubi ƙasar da ta rufe masa takalmi, ya dubi Dawo-Gobe.

"Wannan dai ta ajiyu ko?"

Bai yi faɗa ba. Ya ce izinin ajiye ƙasa ko yashi a gefen titi na kwana bakwai ne, fom ɗaya ake cikewa, a nuna inda za a ajiye, a karɓa a safiyar. "Taga ta biyu. Ai ka san wurin, Baba. Ko ka karɓo, ko kafin jibi hanya ta zama fes."

Kowa ya ɗauka daga nan Dawo-Gobe zai saduda. Ina! Buhuna ya sa aka samo, aka ɗura ƙasar, aka jera a matakalar benensa, kowace matakala da buhunta, na ƙasa-ƙasa har bibbiyu. Matarsa ta koma hawa a karkace, tana riƙe da bango.

"Maigida, taga ta biyu fa aka ce. Da ka je da tuni ka dawo."

"Matakalata ce. A nuna mini dokar da ta hana mutum ajiye ƙasarsa a matakalarsa."

Haƙa ta kai gwiwa, magini ya dogara shebur ya fito. "Alhaji, ni nan na tsaya. Ramin da ya wuce rabin mita sai da izini, don masu ruwa da masu wuta su zo su nuna inda kayansu suka bi. Wannan ko ni da ban yi ofis ba na sani."

Dawo-Gobe ya yi dariya har da riƙe ciki. "Taswirar bututun garin nan a kaina take! Babban bututu ta can ya bi, ta bayan shagon mai wanki. Nan ko jijiyar bishiya babu."

A nan ma akwai ƙamshin gaskiya. Ya sha ɗora taswirar a kansa, a naɗe, daga ɗakin ajiya zuwa teburin injiniya. Buɗe ta ne dai bai taɓa yi ba.

Magini ya ce shi dai daɓe da shafe zai yi, haƙa kuwa sai dai wani. Dawo-Gobe ya tuɓe babbar riga, ya soke birukansa a wuyan singileti, ya karɓi diga. Mutumin da ya shekara ashirin da bakwai yana nuna wa mutane benci, sai ga shi yana sara ƙasa tun safe har rana ta karkata, hannu duk ya yi ƙulaƙulai. Ba za a raina masa ba, ya yi aiki. Ranar da ta cika kwana goma sha takwas, ɗaki ya yi zurfin da ko magini zai miƙe a ciki ya ɗaga hannu. Aka yi daɓe, aka yi fenti, aka gina matakala daga bakin ƙofa zuwa ciki, aka sauke gado da katifa da 'yar rediyon Inna.

Ya kira matarsa ta zo ta ga abin mamaki. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta leƙa. Sannan ta nuna da yatsa tana ƙirgawa a fili.

"Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu."

"Me kike ƙirgawa?"

"Matakala, Maigida. Don me aka ce za a gina ɗakin nan?"

Ya dubi matakalar kamar yanzu wani ya kawo su ya ajiye. Gabansa ya faɗi, amma bakinsa bai faɗi ba. "Likita hawa ya hana. Bai hana sauka ba."

"To in ta sauka, ta yaya za ta fito?"

"Ina za ta?"

Tela da ke saurare ta taga ya soke yatsansa da allura don dariya. Matar kuwa ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Saura kwana uku. Kuma tun da ka fara aikin nan ko sau ɗaya ba ka je ka duba ta ba. Jiya da na je, sau biyu tana tambayarka."

"Ki ce mata aiki nake yi mata. In ta ga ɗakin za ta gane."

Kafin gari ya waye ya samo mafita, kamar yadda ya saba. Za a fasa matakalar, a yanka gangare tun daga ƙofar fili har cikin ɗaki, yadda keken asibiti zai sulala da Inna ba tare da ta taka ko ɗaya ba. Magini ya ce gangaren zai bi ta tsakiyar fili, inda bai yarda da shi ba. Dawo-Gobe ya buga goshinsa da yatsa, daidai inda ƙulun ya sace. "Taswira!"

Ranar cikar mako uku, da hantsi, saura taku biyu gangare ya haɗu da ƙofar fili. Mutanen layi mun taru, don labari ya zaga cewa yau za a kawo Inna. Motar Auta ta shigo a hankali ta tsaya daidai ƙofar fili, Inna na zaune a gaba da sandarta tsakanin gwiwoyi. Da Dawo-Gobe ya hango ta sai ƙarfi ya zo masa. Ya tofa yawu a tafin hannu, ya ɗaga diga sama yadda za ta gani sosai, ya ce, "Saran ƙarshe, Inna!"

Digar ta ce ƙwal.

Muka kasa kunne. Sai wani siririn sauti kamar na tukunya ta kusa tafasa. Dawo-Gobe ya sunkuya ya duba, ruwa ya yi sama da hularsa. Ruwan ya tashi fiye da tsayin kwanon ɗakin, fiye da mita biyun da doka ta ce, ya dawo ya zubo a kanmu. Abin da ya sauka a ƙasa kuwa bai yi wata shawara ba, ya bi gangaren da aka yanka masa, sumul, ya shige ɗakin Inna.

"A toshe! A kawo tsumma!"

Ya zauna a kan bututun, ruwan ya ɗaga shi ya ajiye gefe. Ya ruga ɗaki ceton rediyo, gangaren ya kwashe ƙafafunsa, ya isa ciki a zaune, ya tabbatar wa duniya cewa lallai keke zai sulala. Mai wanki ya fito da kumfa har gwiwar hannu yana ihu famfonsa ya ɗauke, ga kayan mutane jiƙe cikin sabulu. Mata suka firfito daga gidaje da bokitai, wata da shamfu a kai, suna tambayar wanda ya kashe ruwa. Da suka ga inda ruwan ya koma sai suka jera layi a bakin gangaren suna tara. Katifar Inna ta taso ta leƙo ƙofa, ta tokare a saman ƙofar, don ita ma ba ta sunkuya ba.

Masu ruwa suka zo suka rufe babban famfo, layi huɗu suka rasa ruwa. A bayansu wata farar mota ta tsaya, jami'ar teburin izini ta fito da fayil a hannu. Ta zagaya, ta duba rami, ta duba buhunan matakala, sannan ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin. Dawo-Gobe na tsaye a ciki, ruwa har ƙugu, ya ɗora rediyo a ka.

"Baba, ina wuni. Ka gane ni?"

"Fuskar dai kamar na sani."

"Sau tara ka gan ta."

Ya gyara zaman rediyon a kansa. Duk da haka ya yi ta maza. "'Yata, ki auna da kanki. Bai kai mita biyu ba. Sanarwa ta ce..."

"Shafin farko ke nan. Ka karanta na biyu?"

"Akwai na biyu?"

Ta buɗe fayil ta karanta da ƙarfi, yadda har masu bokiti suka ji. Ɗakin da za a gina a ƙasa domin tsoho ko maras lafiya, an yarda ya kai mita uku, kuma a ranar da aka nema ake ba da izininsa, ba a bin layi. Abu huɗu kawai ake kawowa: fom, zanen filin, takardar likita, da sa hannun wanda zai zauna a ɗakin. Masu ruwa kuma su zo su nuna inda bututu ya bi kafin a sara ƙasa.

"Da na karɓi teburin na sa aka sauke tsofaffin takardun allo," in ji ta. "Sai muka tarar da shafi na biyu a bayan na farko, an haɗa su da ƙusa ɗaya. Fari tas, ko ƙuda bai taɓa sauka a kansa ba. Wa yake kafa sanarwa a lokacin, Baba?"

Dawo-Gobe ya dubi ruwan da yake ciki kamar mai neman wuri mai zurfi. Da ƙyar ya ce, "Tattalin ƙusa nake yi wa ofis."

Layi ya kwashe da dariya, mai wanki har da zama a ƙasa. Shi kuwa ya runtse ido yana jiran abin da ya san yana zuwa, kalma biyun nan da ya ba ta sau tara. Amma ba ta faɗa ba. Ta zaro fom ta miƙa masa ta saman katifa. "Za ka cike ramin nan, ka biyo ta ofishin ruwa, wannan babu makawa. Amma izinin ɗaki, in ka cike wannan yanzu, kafin in bar layin nan zan buga maka hatimi." Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Ya rarrafo ya fito ta gangare, sharkaf, ya zaro biro ɗaya daga wuyan singileti, bai yi ba, na biyu bai yi ba, na uku ya yi. Magini ya zana fili a bayan takarda. Auta ya ɗauko takardar likita daga aljihun mota. Saura abu ɗaya. Dawo-Gobe ya je gefen mota ya durƙusa, ruwa na ɗiga daga gemunsa, ya miƙa fom ta taga.

"Inna, dangwalawa kawai za ki yi a nan."

Inna ta karɓa, ta juya takardar gaba da baya, ta dube shi tun daga kai har ƙafa. "Wannan na mene ne?"

"Shaidar kin yarda za ki zauna a ɗakin."

"Au, ashe ana tambaya?" Ta gyara zaman sandarta. "Ka guje wa izinin ofis, ka guje wa na hanya, ka guje wa na ruwa. Nawa kuma ko gudunsa ba ka yi ba, mantawa ka yi akwai shi. Kai da ƙanenka kun tsaya a titi kun yanke inda zan kwana, kamar buhun siminti. Mako uku ina kallon ƙofa, ko ka leƙo ka ce Inna yaya ƙafa. Kana nan kana haƙa mini rijiya."

Babu wanda ya yi dariya a nan. Auta ma ya sunkuyar da kai. Dawo-Gobe ya ƙura wa fom ɗin da ke hannunta ido.

Inna ta ninke fom ɗin biyu, ta cusa a jakarta, ta ja zif. "Zan duba. Ka dawo gobe."

Tela ne ya fara, wani irin sauti kamar an taka kyanwa, daga nan layi ya ɓarke. Jami'a ta rufe fuska da fayil, kafaɗunta na rawa. Dawo-Gobe ya tsaya a durƙushe har motar ta sha kwana, can sai muka ga shi ma kafaɗunsa sun fara rawa. Ya share fuska da singileti ya ce, "Wallahi ko ni ban iya faɗinta haka ba."

Buhunan suka sauko daga matakala ɗaya bayan ɗaya, ƙasa ta koma inda ta fito. Ya je ofis ya zauna a bencin, sabon mai tsaron ƙofa ya ba shi lamba arba'in da ɗaya, ya dawo yana gaya mana bencin ya fi yadda yake zato tauri. Kullum da hantsi kuma sai ya sa riga ya tafi gidan Auta. Inna ta sa a ajiye masa kujera a ƙofar ɗaki, ta bar shi ya jira tukuna, sannan a kira shi. Ta tambaye shi labarin layi, ta yi masa faɗan sukari, ya matsa mata ƙafa. In ya kawo maganar takarda ta ce ba ta gama dubawa ba, ya dawo gobe.

A rana ta huɗu, yana matsa mata gwiwa, ta miƙo hannu za ta karɓi kofi, sai idonsa ya faɗa kan babban yatsanta. Akwai shuɗin tawada a gefen farce, ya riga ya koɗe, irin wanda ya kwana uku ana wanke hannu bai gama fita ba. Ya dubi yatsan, ya dubi jakar da ke rataye a jikin gado. Inna ta bi idonsa da kallo, ta mayar da hannun cikin mayafi a hankali, ta ɗaure fuska.

Dawo-Gobe ya san doka, ya san takarda ta cika, ya san yau ɗin nan zai iya karɓo hatimi. Ya miƙe ya sa hularsa, ya gyara birukansa uku.

"To Inna, sai goben," in ji shi.

"Ka zo da wuri," ta ce. "Akwai layi."